Safiya Guda Tsakanin Bas da Jirgin Ƙasa

Na fito daga masaukina da ƙarfe 6:30 na safe, ina da alƙawari da ƙarfe 9:00 a hayin kogi, can ɗaya gefen birnin, kuma tazarar da ke tsakani ba ta wuce kilomita 18 ba. A lissafina na baƙo, sa'o'i biyu da rabi sun isa har da ragowa. Mai gadin da na gaya wa haka bai yi mini musu ba, ya dai dubi agogona, ya dube ni, sannan ya ce Allah ya kiyaye hanya.

A tashar farko na tarar layi ya miƙe har ya sha kwana. Allon da ke jikin rumfar ya nuna cewa bas na zuwa duk bayan minti 10, amma sai da muka yi kusan minti 25 a tsaye babu ko ƙurarsa, sannan sai ga guda uku sun jero kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Na farko ya cika maƙil har ƙofarsa na rufuwa da ƙyar. Ina yunƙurin bin ayarin masu turereniya sai wani dattijo mai jakar takardu ya riƙo hannun rigata, ya ce, "Ɗana, ƙyale wannan, mu jira na baya." Da muka shiga na ukun, rabin kujerunsa babu kowa.

Na ce, "Baba, yaya aka yi suka zo a tare?" Ya ce ai ba haɗa baki direbobin suka yi ba. Idan bas ɗaya ya makara ko da na minti biyu ne, zai tarar da fasinjoji sun ƙaru a tasha ta gaba, ɗaukarsu kuma zai ƙara makarar da shi, haka nan a kowace tasha. Shi kuwa na bayansa yana tarar da an share masa wuri, ba ya daɗewa a tsaye, har ya cim ma na gaban. Ya yi bayanin ne cikin sanyin murya irin na wanda ya daɗe da daina jin haushin abin.

Mun yi tafiya mai daɗi ta kamar minti goma kafin mu faɗa cikin cunkoson babban titi, inda direba ya koma taka birki da saki, taka birki da saki, bas ɗin kuma ya riga ya cika a hanya, kwandasta yana ta roƙon na tsaye su matsa ciki alhali cikin ya ƙare. Wata mata da ke tsaye kusa da ni ta ɗora mini jakarta a cinya ba tare da dogon bayani ba, ta ce, "Malam, riƙe mini," na kuwa riƙe. Daga tagar da nake sai na shiga ƙirga ƙananan motocin da ke kewaye da mu, kuma cikin goma sha biyun da na ƙirga, tara mutum ɗaya ne kacal a cikinsu. Mu da muka haura sittin muna cikin mota ɗaya, amma wurin da waɗannan motoci suka cinye a kan kwalta ya ninka namu sau da yawa. A ganina nan ne rashin adalcin cunkoso yake, domin wanda ya fi kowa tsimin hanya shi ne aka tsare a bayan wanda ya fi kowa ɓarnarta.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, da muka kai ƙarshen wannan cunkoso ban ga haɗari ba, ban ga motar da ta lalace ba, ban ga masu gyaran hanya ba; titi ya buɗe kawai kamar ba a yi komai ba. Sai na tuna gwajin da wasu masana a Japan suka wallafa a 2008, inda suka sa motoci 22 su riƙa zagaye wata da'ira mai tsawon mita 230 da gudu iri ɗaya. Ba a jima ba cunkoso ya haifar da kansa, saboda da zarar direba ɗaya ya ɗan taɓa birki, na bayansa zai taka fiye da shi, har abin ya kai ga wasu sun tsaya cak, tsayawar kuma tana ja da baya daga mota zuwa mota. Wataƙila mutumin da ya jawo mana asarar rabin sa'a ya daɗe da isa ofishinsa, bai ma san ya yi ba.

Bayan wani babban shataletale sai bas ɗinmu ya shiga layin da aka keɓe wa irinsa, wanda aka raba da sauran titi da ɗan shingen kankare. Nan take tafiya ta sauya, muka riƙa wuce motocin da ɗazu suka sha gabanmu, har na ga dattijon nan ya ɗan murmusa. Dabarar ba sabuwa ba ce: birnin Kuritiba na ƙasar Brazil ya fara ta tun 1974 a zamanin magajin garinsa Jaime Lerner, Bogota ta Kolombiya kuma ta faɗaɗa ta a 2000. Sai dai namu layin bai kai kilomita uku ba ya ƙare, aka sake zuba mu cikin sauran motoci a gindin gada.

Nan dattijon ya ce in sauka in kama jirgin ƙasa, domin gadar a wannan lokaci ba ta da tabbas. Na miƙa wa matar nan jakarta, na ɗaga murya na ce akwai sauka, na gangara matakalar tashar da ƙarfe 8:25. Matsin cikin jirgin ya fi na bas nesa ba kusa ba, don hannun da na ɗaga na kama ƙarfen sama ban sami wurin sauke shi ba har muka yi tasha huɗu. Amma kuma ga agogo a bakin dandamali yana faɗin minti nawa suka rage jirgi ya iso, yana kuma cika alƙawari, kuma wannan kaɗai ya sauke mini rabin gajiyar da na kwaso. Daga tagar jirgin na hango gadar da na guje wa, motoci sun yi cirko-cirko a kanta tun daga wannan gaɓa har waccan.

Na isa da ƙarfe 9:10, takalmina duk sawun ƙafafun mutane, ina ta shirya kalmomin ban haƙuri a raina. Sakatariyar ofishin ta nuna mini kujera, ta ce in zauna in huta, maigidan ya bugo waya yanzun nan cewa yana cikin motarsa a tsakiyar gada.