Ranar da muka je Mada'in Salihu

Tun daren jiya Hajiya ta jagula mini lissafi. Da na gaya mata a waya cewa ni da Yaya za mu leƙa Al-Ula tunda mun kammala umara, sai ta yi shiru, can ta ce, "Garin da aka halaka mutane za ku je kallo? To, ban da shan ruwan wurin." Da gaskiyarta. Mada'in Salihu da ke kusa da Al-Ula ita ce Hijir, mazaunin Samudawa, inda Manzon Allah (SAW) ya ratsa a hanyar Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira. Ya hana sahabbai shiga sai suna kuka, ya sa aka zubar da ruwan da suka ɗiba, ƙullin da suka kwaɓa da shi kuma aka ba raƙuma. Kafin mu kwanta Yaya ya sayo katan guda na ruwan gora.

Da asuba muka bar Madina. Kusan awa huɗu a mota, ba komai sai baƙin dutse da rairayi. Na yi barcina.

Ba a barin mutum ya shiga shi kaɗai, sai da tikiti, a motar masu kula da wurin, tare da ɗan jagora. Namu wata matashiya ce 'yar garin. Ita ta fara warware mana abin da muka ɗauko a ka: ramukan nan da ake gani a hoto kaburbura ne, sun haura 100, kuma Nabatawa ne suka sassaƙa su wajen shekara 2,000 da suka wuce, mutanen da suka yi tsohon birnin Petra a Jodan. Fatake ne, turare suke safara daga kudu zuwa Sham. Yaya ya matso ya raɗa mini, "Kai, kar ka bari bayani ya ɗauke maka tsoro. Wurin dai shi ne."

A Ƙasarul Farid na fi daɗewa. Dutse ne guda tilo tsaye a fili, an fafe masa fuska ɗaya. Sama sumul, kamar yau aka gama. Ƙasa kuwa duk sawun kurfi, layi-layi, don daga sama suke farawa su gangaro, kuma wannan ba su ƙarasa ba. Na tsaya ina kallon daidai inda hannun masassaƙin ya tsaya. Ko mai aikin ne kuɗi suka yanke masa, ko ajali ne ya riga shi? A goshin wasu kaburburan har da rubutun tsinuwa da tara ga duk wanda ya sayar ko ya binne baƙo a ciki. Yanzu babu kowa, sai iska da mu masu waya a hannu.

Kuka dai bai zo mini ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma hoto uku kacal na ɗauka, ni da ba na gajiya da ɗauka. Wasu a gefe suna ta tsalle ana ɗaukarsu, abin ya tsaya mini a rai.

Da yamma muka biya Dutsen Giwa. Wallahi giwa sak, har da hancin ya dafa ƙasa, iska da rairayi kawai suka yi aikin. A can na ji ƙirjina ya saki, har na sha shayi.

Bayan isha'i Hajiya ta kira. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Kun sha ruwan?"

Na ce a'a. Ban gaya mata zancen shayin ba.