Abin da tarkacen masassaƙan Masar ya koya mini

Babban darasin da na ɗauka daga nazarin sassaƙar tsohuwar Masar shi ne, gyara a kan zane ake yin sa, tun ƙarfe bai taɓa dutse ba. Dutsen farar ƙasa yana da laushi, ƙarfen sassaƙa na jan ƙarfe da gudumar itace sun ishe shi, kuma laushin nan ne ke yaudarar sabon hannu. Bugu ɗaya ya wuce kima, hanci ya tafi ke nan.

Shi ya sa suke fara goge fuskar dutsen sumul, su tsoma zare a jar ƙasa, su ja shi su sake, ya bar layi. Haka za a yi ta yi har fuskar ta rabu gida-gida kamar ta dara. Mutum a tsaye gida 18 yake ci daga tafin ƙafa zuwa inda gashi ya fara a goshi. Gwiwa a layi na 6, haɗin wuya da kafaɗa a na 16. Daga baya, wajen zamanin daula ta 26, aka koma gida 21 zuwa fatar ido. Ana zana siffar da ja, babban gwani ya bi da baƙi yana gyarawa, sannan masassaƙi ya yanke gefe, ya sauke bayan, ya fitar da tsoka, a goge da dutsen yashi. A kabarin sarki Horemheb da ke Kwarin Sarakuna an bar aiki ba a gama ba, matakan suna nan jere a bango.

Idan an yi ɓarna, ko ƙarfe ya ci karo da dunƙulen dutsen ƙyastu a ciki, sai a cike gurbin da kwaɓin jibsam a shafe da fenti. Yana rufa asiri na wani lokaci. Amma kwaɓin yakan faɗo, yau ga ramukan nan kowa na gani.

Kuma ba a jikin bangon sarki ake koyo ba. A Deir el-Medina, ƙauyen ma'aikatan kaburburan sarakuna, an tono ɓallin dutse birjik, waɗanda ma'aikata suka gwada hannu a kai. Yana ɓata mini rai yadda masu ziyarar gidan tarihi ke wuce irin waɗannan ba ko waiwaye, su tafi kallon sassaƙen kan sarauniya Nefertiti, alhali shi ma dutsen farar ƙasa ne da aka yaɓe da jibsam, kuma a ɗakin aikin masassaƙi Thutmose aka same shi a tsohon birnin Amarna a 1912.

Jan ƙarfe yana dakushewa da wuri, mai wasa shi ya zauna kusa. Dutsen farar ƙasa na Tura, da ke kusa da Alkahira, ya fi na yawancin wurare laushin ƙwaya, shi ke karɓar aiki mai ƙanana.