Yadda na zana taswirar ƙwaƙwalwar jangwada

Gyaɗa kai ne ya jawo ni cikin wannan aiki. Na shafe watanni ina lura da yadda jangwada yake ɗaga kai yana saukewa a kan katanga duk lokacin da wani namiji ya kusanci yankinsa, har na ƙudurta sanin sashen ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da wannan hali. Malamin da ke duba aikina ya ce ba zan iya nuna wuri ba sai da taswira, kuma ta ɓera da muke da ita ba za ta fisshe ni ba.

Ban gamsu ba sai da na duba yankan farko na ƙwaƙwalwar a madubin bincike, wato na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa. Ɓawon ƙwaƙwalwar ƙadangare hawa uku ne, alhali mafi yawan na ɓera hawa shida ne, sannan akwai wani babban tudu da ya kumburo cikin kogon ƙwaƙwalwar gaba, wanda dabbobi masu shayarwa ba su da irinsa. Na ɓata mako biyu ina ƙoƙarin laƙaba masa sunan da ba nasa ba.

Ƙwaƙwalwar ba ta wuce ƙwayar gyaɗa ba. Ana jiƙa ta a fomalin, wani ruwan magani mai hana ruɓewa, a tsane ta, a binne ta cikin kaki, sannan a yanka ta siriri siriri a rina. Zafin watan Afrilu ya sa kakin ya yi laushi, yankan yana naɗewa a bakin wuƙa, na yi asarar samfura kafin na koyi ɗora kakin a kan ƙanƙara in kuma fara aiki da asuba. Asarar ta dame ni ƙwarai, domin kowane samfuri rai ne aka ɗauka. Daga nan na riƙa sa lamba nan take a kowane gilashin da na ɗora yanka a kai, saboda yanka ɗaya idan ya ɓace, duk jerin ya rikice.

Abin da ya taimake ni wajen sa sunaye shi ne taswirar da aka wallafa a 2018 ta wani ƙadangaren Ostiraliya wanda danginsu ɗaya da jangwada, wadda aka yi da MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki. 

Yanzu taswirata ta kai tsakiyar ƙwaƙwalwa, inda tudu biyu masu karɓar saƙon ido suke. Daga nan zan fara bin sawun gyaɗa kan.