Shuɗiyar fitila a hanyar Badagishiri

Da daren nan, bayan lisha, ina dawowa Tawa daga Badagishiri, ƙanena na zaune gefena. Mun kusa shiga gari sai ga wani dattijo a kan babur yana tahowa, ya goyo yarinya. Na gan shi ƙarara ya saki hannu ɗaya ya kare idonsa, babur ɗin ya yi tangal-tangal ya sauka gefen kwalta cikin rairayi. Ƙanena ya nuna allon da ke bayan sitiyari ya ce, “Yaya, shuɗiyar nan fa tana kunne tun ɗazu, fitilar nesa ce, ita ta kashe masa ido.”

Wallahi jikina ya yi sanyi. Koriya na sani, ta fitilar kusa, na san kibiyoyin nan biyu masu ƙyaftawa in za ka juya, har na san in suka yi ta ƙyaftawa da sauri to ƙwai ɗaya ya mutu. Shuɗiyar ma na santa, sabo ne ya sa idona ya daina ganinta. Na rage fitila, na tsaya, na ce “Baba, a yi mini gafara.” Ya ce ba komai, Allah ya kiyaye gaba. Yarinyar dai ba ta saki rigarsa ba. Har yanzu hannayenta nake gani.