TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 9: Harafi ɗaya ne a jinin gidanmu

Assalamu alaikum 'yan uwa, makon jiya na tsaya a inda aka sallamo autanmu daga asibiti bayan ƙarin jini, Gwaggo kuma ta rantse ta maya cewa kishiyar Umma ce ta yi mana asiri, tunda ita yaranta garau suke ko ciwon kai ba sa yi, mu kuwa ɗakinmu an binne biyu tun suna rarrafe har ana kiran autan da ɗan wabi.

To a wannan zangon ne a makarantar koyon aikin lafiya da nake aka fara mana darasin ƙwayoyin gado. Malamin dattijo ne mai son alli, ya ce DNA ɗin mutum rubutu ne da haruffa huɗu kacal, A, T, G da C, kusan biliyan 3 a jere, kuma duk sanda ƙwayar jiki za ta rabu biyu sai ta kwafe rubutun nan kaf, kamar ɗalibi mai kwafar littafi cikin dare, dole wani wuri hannu ya zame. Wani lokaci harafi ya musanya da wani, wani lokaci ya faɗi ko a ƙara wanda babu shi, kuma tunda uku uku jiki ke karanta su, in ɗaya ya faɗi duk abin da ke gaba sai ya rikice. Akwai ma wanda kuromozom guda, wato ɗaya daga cikin ƙunshin da DNA ke naɗe a ciki, ne ke ƙaruwa, na 21, shi ke kawo lalurar Down. Yawancin sauye-sauyen nan ba sa yin komai, kowa a cikinmu da nasa aka haife shi.

Sai ya rubuta GAG a allo, ya goge A na tsakiya ya sa T. Ya ce wannan ita ce sikila. Wallahi sai da na ajiye biro. A kuromozom na 11, wajen da aka rubuta yadda ake haɗa wani ɓangare na himogulobin mai ɗaukar iska a jini, sauyin harafin nan ɗaya yana sa ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje in iska ta yi mata ƙaranci, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, shi ne ihun da autanmu ke yi da daddare yana riƙe da ƙafa. Ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120, tasa kuwa 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa kullum idonsa rawaya kuma jini ba ya isarsa.

Wata a ajinmu ta tambaya me ya sa abin ya yi mana yawa mu baƙar fata, ya ce sauro. Tun 1954 wani likita Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa masu AS, wato waɗanda suka gaji sauyin daga ɗaya cikin iyayensu kawai, sun fi tsira daga mummunar maleriya, sai suka yi ta rayuwa suna haihuwa, yau ga shi kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Ni dai abin ya tsaya min a rai, abin da ya kare kakanni shi ke kwantar da jika.

Ya kuma raba mana tsakanin sauyin da ake gada da wanda ke samun mutum yana raye, irin na hayaƙin taba, ko zafin rana a fatar zabiya, ko gubar da ke cikin gyaɗa da masarar da suka yi funfuna wadda ke taɓa hanta har ta kai ga ciwon daji. Wannan a jikin mai shi yake tsayawa, ba ya bin 'ya'ya. Tun ranar na daina cin gyaɗar da ta yi ɗaci.

Da na koma gida hutu na lallaɓa Baba aka yi wa kowa gwajin jinotayif. Baba AS, Umma AS, Inna kishiyar Umma AA, wato ba ta ɗauke da shi, ni AS. Na zaunar da Gwaggo na ce, Gwaggo ki yi haƙuri, Baba da Umma kowannensu yana ɗauke da shi, duk cikin da Umma ta ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, wato mai sikila, ita kuwa Inna tunda AA ce ba za ta haifi mai sikila da Baba ba. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ke yarinya boko ya ɗebe ki, to wa ya sa musu a jinin?" Na ce tun kakannin kakanni yake, ta ja tsaki ta tashi. Umma ce dai ba ta ce uffan ba, washegari na ga da kanta ta kai wa Inna koko ɗaki, abin da ban taɓa gani ba tun tasowata.

Matsalar ita ce lokacin an riga an kawo kuɗin gaisuwata, kuma da na ce wa mutumin nawa ya je ya yi gwaji sai ya yi dariya ya ce shi ko allura ba a taɓa yi masa ba, lafiyarsa ƙalau. Na ce ai ni ma ƙalau nake. Ya je, ya dawo da takardar a ninke cikin aljihu ya ƙi ba ni, wai sai Baba ya dawo daga kasuwa.

Mu haɗu mako mai zuwa in sha Allah.