Ruwan da ke cinye shinkafa da damina shi ake nema da rani

Abin da ke damuna game da noman shinkafa a bakin manyan koguna shi ne yadda ake raba maganar gida biyu, ambaliya daban, ban-ruwa daban, kowanne da ofishinsa da kasafinsa, alhali kogin ɗaya ne kuma ruwan ɗaya ne. Gonar da ruwa ya shanye shinkafarta tana dab da nuna, ita ce dai bayan 'yan watanni mai ita zai tsaya bakin kanal yana jiran ruwan da bai iso ba. Kuma da an tashi neman mafita sai ka ji an ce a gina dam, kamar da an zuba kankare shikenan an gama.

Akwai wani aiki a ƙasar Sin da nake so duk mai ruwa da tsaki a harkar nan ya san labarinsa, sunansa Dujiangyan, a kan kogin Min a lardin Sichuan. Wani gwamna Li Bing ne ya jagoranci aikin wajen shekara 256 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma har yau yana shayar da gonakin filin Chengdu sama da murabba'in kilomita 5,000. Ba tare kogin suka yi ba fa. Wani dogon tudu suka gina a tsakiyarsa mai tsini kamar bakin kifi, da kwandunan gora cike da duwatsu, ya raba ruwan biyu. Reshen ciki mai zurfi ne kuma matsattse, shi ke tafiya gonaki, na waje kuma faffaɗa ne marar zurfi. To da rani in ruwa ya ja baya, wajen kashi 60 cikin 100 sai ya bi mai zurfin ya tafi gona, in damina ta kankama kuma lissafin sai ya juye da kansa, mafi yawan ruwan ya bi na wajen ya wuce abinsa. Gaba kaɗan suka yi wata 'yar gajeriyar katanga wadda rarar ruwa ke tsallakewa ta kwashi yashi da tsakuwa ta mayar babban kogi, sannan suka fasa dutse suka yi ƙofa mai faɗin kusan mita 20, komai cikar kogin ba dai ya tura fiye da abin da ƙofar za ta ɗauka ba.

Amma ni a wurina ba dabarar ginin ce ta sa ya kai yau ba, yasar da ake yi masa ce. Duk shekara in ruwa ya yi ƙasa sai an fito an kwashe yashin da ya taru, ƙa'idarsu tun ta kaka da kakanni ita ce a zurfafa hanyar ruwa, a bar katanga gajeriya. A nan ne ayyuka da yawa na zamani ke faɗuwa wallahi, a kashe maƙudan kuɗi wajen gini, a yanke kirtani, daga nan babu mai sake waiwayar magudanar da ke fitar da ruwa daga gona. Laka ta cike ta, kachala ta toshe ta, ruwa ya kwanta ba hanyar fita, a hankali ƙasar ta fara fitar da gishiri fari-fari a sama, shinkafa ta dinga ja tana tsumburewa manomi ya ɗauka taki ne bai isa ba.

Sai kuma maganar na sama da na ƙasa. Kogi bai san iyaka ba. Dam ɗin Lagdo da ke Kamaru a kan kogin Binuwai, wanda aka gama a 1982, in ya cika aka buɗe ƙofofinsa ruwan Najeriya yake gangarowa, an ga ambaliyar da aka yi a 2012 da 2022, duk da dai ruwan sama mai yawa ma ya taka rawa. Mai kula da dam yana so ya tara ruwa saboda rani da wutar lantarki, mai hana ambaliya kuma yana so a bar wuri a dam ɗin kafin babban ruwa ya zo, in ba a zauna an tsara sakin kaɗan-kaɗan da wuri an kuma sanar da na ƙasa ba, to manomin fadama ne zai biya.

A cikin gonar ma akwai gyara. Shinkafa tana jure ruwa ne, ba wai dole sai ta kwana ta wuni a cikinsa ba, yawancin amfanin kwantar da ruwan na danne ciyawa ne. Cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin ta yaɗa wata hanya mai sauƙi: ka samu fayif na roba mai tsawon santimita 30, ka huhhuda ɓangaren ƙasa, ka kafa shi a komi, wato fangalin shinkafar, ka kwashe ƙasar cikinsa. Ka ba da ruwa ya hau kamar santimita 5, sai ka bari, kullum ka leƙa. Saman komin zai bushe har ya ɗan tsattsage, hankalinka zai tashi, amma in ka zura hannu za ka ji ruwan na nan inda saiwa take. Sai ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa sannan ka sake sako wani. Lokacin fure ne kawai ba a wasa, mako guda kafin da mako guda bayan a bar ruwan a kwance. Ana iya rage ruwa har kusan kashi 30 ba tare da amfanin ya ragu ba, da sharaɗin komin a daidaice yake kuma kunyoyin ba sa yoyo.

Sai dai fa babu manomin da zai yarda ya bar gonarsa ta tsane in bai da tabbacin ranar da ya nemi ruwa zai samu. Shi ya sa na bakin kanal ke cika gonarsa fal ko ba ya buƙata, na can ƙarshen layi kuma ya samu ragowa ko ma bai samu ba. Ƙungiyar masu amfani da ruwa mai jadawalin da kowa ya sani, wane yau wane gobe, da ranar da za a fito gayya a yashe magudana kafin ruwan farko, da wanda zai riƙe makullin ƙofar ruwa a kuma iya tuhumarsa, a ganina da waɗannan ya kamata a fara tun kafin a kira ɗan kwangila.