Asabar a Magazin: Mun Zana Ta a Ƙasa

Yau motar da nake shirin ƙerawa ta bar takarda ta sauko ƙasa. Masta ya sa yara sun share gefen garejin da ake tara tsofaffin giyabos, ni kuma na durƙusa da alli da tef na zana ta a kan siminti daidai girmanta: kujeru biyu, tayoyi huɗu a waje da jiki, ba rufi, ba ƙofa. Sitiyari a hagu, tunda tun 1974 Ghana ta koma tuƙi a hannun dama. Na zauna cikin zanen na miƙe ƙafa inda totur da birki za su zauna, wani yaro ya zagaye dugadugaina da alli.

Masta ya daɗe tsaye yana kallo. Mutum ne da ya tsufa a Suame Magazin, unguwar makanikai da ke Kumasi, yana ƙera bodin manyan motocin da ke ɗaukar doya da gawayi daga arewa, kuma a wurinsa ƙarfe mai kauri shi ne amana. Da na nuna masa fayif ɗin da nake so a yi firam ɗin motar da shi, mai kusurwa huɗu, milimita 25, kaurinsa 1.6, sai ya ɗaga shi da yatsu biyu ya ce, "Ɗana, da wannan ake ƙafar tebur. Rai za ka ɗora a kai?" Shi yana son mai 40, kauri 3.

Na ce, "Masta, ku ba ni izini in nuna muku abu ɗaya." Mai walda ya haɗa mana guntaye huɗu na siririn fayif, murabba'i tsawon hannu. Muka ɗaure gefe ɗaya a bais, Masta ya danna da ƙarfinsa, ya karkace. Muka gyara shi, aka gitta guntu ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa aka ɗiga masa walda. Ya danna, ya sake dannawa har jijiyar wuyansa ta tashi, abin ko gezau. Ya juya shi a hannu, ya shafa wajen waldar da babban yatsa, bai ce komai ba. Ƙarfin irin wannan firam daga kusurwa uku yake fitowa: kowane fayif ana jan sa ne ko ana tura shi ta tsawonsa, ba a lanƙwasa shi ta tsakiya. Mita ɗaya na nawa kilo 1.2 ne, nasa kilo 3.5. A mita 50 da na lissafa, bambancin ya haura kilo 100, nauyin ƙaton mutum da zai zauna a motar kullum ba ya sauka.

Wannan tunani ba sabo ba ne. A 1957 Colin Chapman ya fito da Lotus Seven a Ingila a kan wannan tsari, kuma Caterham da ta sayi haƙƙin ƙera ta a 1973 har yau tana yin ta, nauyinta wajen kilo 500 da ɗoriya. Abin da ya kama zuciyata ke nan tun farko. Wanda ba shi da kuɗin babban inji, rage nauyi ne ƙarfinsa. Injin Corolla mai lita 1.6 yana jan motar da ta fi tan ɗaya ba ya kuka; ka sa shi a mai kilo 600, ya zama wani abu dabam, birki da taya su ma sun huta.

Bayan azahar muka ci waakye a bakin garejin, muka koma kan maganar inji. Seven injinta a gaba yake a miƙe, yana tura tayoyin baya. Mu kuwa abin da ya cika Magazin injin gicciye ne na motocin da ke ja da tayoyin gaba. Neman giyabos da aksul na mai jan baya, marar nauyi, zai ci kuɗi da lokaci. Shawarata ita ce mu ɗauki inji da giyabos ɗungurungum mu mayar da su bayan direba, yadda Toyota ta yi wa MR2 a 1984, yadda kuma Ariel Atom take da injin Honda. Masta nan take ya hango matsalolin, kuma gaskiyarsa: lagireto yana gaba, sai an ja dogon fayif na ruwa; wayar giya sai an juya ta; nauyi ya koma baya, in ka saki totur a tsakiyar kwana gindin motar zai nemi wuce kai. Zan sa tankin mai a tsakiya, batir a gaba, tayoyin baya su fi faɗi.

Inda ba zan bi Turawa ba shi ne tsayi daga ƙasa. Motocinsu kusan a kwance suke, an yi su don kwalta mai santsi. Duk wanda ya bi hanyar Aboabo zuwa Asawase ya san tudun rage gudu da ramukan bayan damina. Na tsayar da santimita 16 a ƙarƙashin kaskon baƙin mai, ko da hakan zai rage mata riƙon kwana kaɗan. Ina son motar da zan je ɗaurin aure da ita a Tafo in dawo da injina lafiya.

A ƙarfen kariya na bayan kai ne muka haɗu ba gardama. Zai zama zagayayyen fayif mai kauri wanda ba shi da ɗinki, ya ɗara kan mai hular kwano, da tokare biyu ta baya, kuma bel mai maɗauri huɗu zai kama firam kai tsaye. Masta ya ce waldar wurin shi zai yi da hannunsa, ba yaro. Ya kuma ce tun yanzu in adana rasit da lambar inji, saboda ranar da za mu je DVLA, hukumar lasisin tuƙi da motoci, neman rajista.

Kafin magariba ya kira wani dillali da ke da rabin Corolla da aka yanko da injinta. Ran Litinin da safe za a tayar mana da shi mu ji ƙararsa kafin a yi ciniki.